Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Sarakunan Dogon Dutsi da Tibiri

Ranku ya daɗe,

Ina roƙonku ku dubi rijiyoyinmu na Dallol Mawri da ke buɗe ba murfi. Kurciya da tantabara suna sauka bakin rijiyoyin, kashinsu na faɗawa cikin ruwan. Tsuntsu yakan ɗauki ƙwayar cutar E. coli mai fitar da dafi a hanjinsa, shi kuwa lafiya lau. In yaro ya sha ruwan, sai zawo da jini, wani har ƙodarsa ta tsaya.

Ku umarci masu gari a rufe kowace rijiya, a tafasa ruwan yara, a daina shanya garin abinci a ƙasa inda tsuntsaye ke sauka. Maganarku talakawa ke ji.

Allah ya ja zamaninku.

Naku,
Ɗan Arewa