Tayar mota mai faɗi: kyau a hoto, wahala a hanyar Malumfashi

Yawancinmu da ke bin harkar waya mun saba da cewa lamba babba ita ce alheri: RAM 8 ya fi 4, batir 6000 ya fi 5000. Da wannan tunanin samari ke zuwa sayen taya, ni ma da shi na je. Bara na zuga yayana ya cire tayoyin Corolla ɗinsa masu lamba 195/65 R15 ya sa 225/45 R17, don na ga yadda suke haskawa a TikTok. Kafin damina ta ƙare wili ɗaya ya lanƙwashe a wani rami tsakanin Bakori da Malumfashi, wata tayar kuma ta yi ƙulu a gefe. Har yau in maganar ta taso sai ya harare ni.

Bayan nan ne na zauna na karanta lambobin kamar yadda nake karanta lambar manhaja in ta ƙi aiki. A 195/65 R15, 195 faɗin tayar ne da milimita. 65 tsayin gefenta ne, kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato kusan milimita 127. 15 kuma girman wili ne da inci. Ka yi lissafin 225/45 R17: kashi 45 na 225 ya ba ka kusan milimita 101. Tsayin tayoyin biyu gaba ɗaya kusan ɗaya ne, milimita 634, shi ya sa ta shiga motar ba gardama. Amma milimita 26 na roba da iska sun tafi daga tsakanin wili da ƙasa.

Wannan gefen shi ne katifar farko ta mota, shi ke shanye duka kafin ya kai ga shokozoba. Ka rage shi, bayanka zai ji kowane tsakuwa, in kuma ka faɗa rami da gudu sai bakin ramin ya matse robar a jikin wili. A nan ƙulu ke fitowa, kuma taya mai ƙulu ba mai facin da zai gyara ta.

Masu son faɗi za su ce ai ta fi riƙe ƙasa. A busasshiyar kwalta mai kyau, gaskiyarsu, musamman a kwana da wajen taka birki. Sai dai mu tambayi kanmu, kwana nawa a shekara motarmu ke kan irin wannan titin? A watan Agusta, in ruwa ya kwanta a hanyar Funtua zuwa Zariya, dole taya ta kore ruwan gabanta kafin ta taɓa kwalta. Mai faɗi ruwan da za ta kore ya fi yawa, don haka ta fi saurin hawa kansa, sitiyari ya yi sakayau a hannunka. A laka ma, irin ta hanyoyin gonakin Kafur da Dandume, matsakaiciyar taya kan yanka ta sami ƙasa mai tauri, mai faɗi kuwa ta tsaya tana sulɓi a sama. Inda faɗi ke da rana shi ne yashi. Mu kuwa nan kudancin Katsina laka ce ta fi damunmu.

Ga kuma mai. Taya mai faɗi da babban wili sun fi nauyi, sun fi jan ƙasa, injin ya ƙara sha. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ba na jin akwai mai neman ƙarin shan mai don ado.

Ra'ayina: ka tsaya kan lambar da kamfanin motar ya rubuta. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takardar da ke nuna girman taya da yawan iskar da za a sa. In akwai zaɓi biyu, ɗauki mai dogon gefe. Kuɗin da za ka kashe kan manyan wili ka ƙara su ka sayi sabuwar taya maimakon 'yar Beljiyam.

Akwai lambobi biyu da suka fi faɗi muhimmanci, amma ba a cika kallonsu ba. Bayan R15 za ka ga wani abu kamar 91H. 91 na nufin tayar na ɗaukar kilo 615. Mai loda buhunan masara lokacin kaka, mutum biyar kuma a ciki, wannan ce lambarsa. Sai lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar FRSC ta daɗe tana gargaɗi kan tsofaffin tayoyi. In ka ga hoton dutse da ƙanƙara a gefe, tayar sanyin Turai ce, robarta laushi gare ta, zafin Afrilu zai cinye ta da wuri.

Idan har ka riga ka canza girma, wayarka za ta taimaka. Wani ya tuƙa, kai ka buɗe manhajar da ke auna gudu da GPS, ka kwatanta da agogon mota. Agogo kan nuna sama da GPS kaɗan, wannan ba komai. In GPS ne ke sama, tayar ta fi ƙa'ida tsayi, kana gudu fiye da yadda kake zato. Yayana dai ya koma 195 ɗinsa, wilin 17 guda uku na nan jingine a zaure muna neman mai saye.