Wa ke auna ma'aunin? Darasi daga masu ƙera na'urorin sararin samaniya

Duk wanda ya daɗe a kasuwannin kan iyaka, daga Konni da Illela har zuwa Ɗan Issa da Jibiya da Maigatari, ya san cewa yawancin gardamar ciniki a kan tiya da sikeli take tashi. Gero dai gero ne, amma tiyar wannan ta fi ta wancan zurfi, sikelin wani kuma yana cin rabin kilo a kowane buhu, wani lokaci ba tare da mai shi ma ya sani ba. To wannan matsala ta ma'auni ita ce ta fi ci wa masana kimiyyar sararin samaniya tuwo a ƙwarya, kuma ta sha janyo masu asarar kuɗin da in aka faɗe su da sefa ko naira sai mutum ya riƙe baki. Ra'ayina a nan shi ne, shekarun da waɗannan mutane ke kwashewa suna gwada na'ura kafin su harba ta sama ba almubazzaranci ba ne. Kuma akwai abin da ya kamata magabatanmu su koya a ciki, domin wasu daga cikin na'urorin suna da hannu a farashin buhun da ke gabanka.

Kumbo ko tauraron ɗan Adam tamkar babbar mota ce. Kayan da ta ɗauko su ne na'urorin awo: kyamara, madubi, ma'aunin zafi, na'urar tantance iska da makamantansu. In kayan suka lalace, tafiya ta zama ta banza ko da motar ta isa lafiya. Hanyar kuwa babu mai muninta. A mintocin farko na tashin roka, jijjiga da ƙara kaɗai sun isa su kwance noti ko su tsinka waya. Can sama babu iska, gefen na'urar da ke kallon rana yana iya wuce digiri 100 na zafi, gefen inuwa kuma ya sauka fiye da digiri 100 ƙasa da sifili. Sannan babu bakaniken da za a kira. Saboda haka kafin na'ura ta bar ƙasa sai an ɗaure ta a kan wani tebur mai girgiza, an sa ta a ɗakin da ake sakar mata ƙara irin ta roka, an kulle ta makonni a cikin wani ƙaton tanki da aka zuƙe iskarsa ana gasa ta ana daskarar da ita. Masu haɗa ta kuma sai sun rufe jikinsu ruf kamar likitocin tiyata, don kada ƙura ko gashi ɗaya ya faɗa a kan madubi.

Amma duk wannan gwaji ba shi da amfani in ma'aunin da ake gwajin da shi yana da karkata. Hukumar NASA ta Amurka ta koyi wannan darasi da tsada. A ranar 24 ga Afrilun 1990 ta harba na'urar hangen nesa mai suna Hubble, wadda madubinta ke da faɗin mita 2.4, don ta ɗauko hotunan taurari daga kimanin kilomita 600 a saman ƙasa. Bayan 'yan makonni hotuna suka fara zuwa dishi-dishi. Bincike ya gano cewa gefen madubin ya fi yadda ake so shafewa da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin 50 na kaurin gashin kai ba. Ma'aikatan kamfanin Perkin-Elmer sun goge madubin da ƙwarewa sosai, sai dai na'urar da suke auna shi da ita an haɗa ta da kuskure, wani gilashi a cikinta ya goce daga mazauninsa da milimita 1.3. Wato sun yi aiki tsaf bisa umurnin gurɓataccen ma'auni.

Abin da ya fi ciwo shi ne, akwai waɗansu na'urorin awo biyu a kamfanin da suka nuna akwai matsala, amma aka yi watsi da su saboda an fi amincewa da ta farko, wadda ake ganin ita ce mafi inganci. Haka kuma akwai madubi na biyu da kamfanin Kodak ya yi don ajiya, wanda ba shi da wannan aibi, amma aka bar shi a ƙasa. Sai a watan Disamban 1993 'yan sama jannati bakwai suka tafi cikin kumbon Endeavour, suka fita waje har sau biyar suna aiki, suka saka wa Hubble wasu ƙananan madubai masu gyara gani, kamar yadda ake yi wa mutum tabarau. Shekaru uku da rabi ke nan na'urar tana aiki da raunin ido. Ɗan kasuwar da sikeli biyu suka gaya masa buhu bai cika ba, ya ce shi dai na ukun ya yarda da shi don ya fi tsada, kowa ya san sunan da za a kira shi da shi.

Shekaru tara bayan harba Hubble aka sake yin wata asarar, wannan karo saboda saɓanin ma'auni tsakanin ɓangarori biyu. A watan Disamban 1998 NASA ta harba kumbon Mars Climate Orbiter don ya auna yanayin duniyar Mars. Kamfanin Lockheed Martin da ya ƙera shi yana aiko da lissafin ƙarfin turin injinsa da ma'aunin laba irin na Ingilishi, su kuwa masu tuƙa shi daga ƙasa suna karanta lambobin a matsayin ma'aunin tsarin kilo da mita. Bambancin ya kai ninki huɗu da kusan rabi. Wata tara ana tafiya a haka, kuskure yana taruwa kaɗan-kaɗan. A ranar 23 ga Satumban 1999, kumbon da ya kamata ya gifta Mars a nisan kilomita 226 sai ya sauko zuwa kimanin kilomita 57, ya shiga cikin iskarta, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Dala miliyan 125 aka kashe wajen ƙera shi. Wasu daga cikin masu lissafin hanya sun lura lambobi ba sa daidaita, amma maganarsu ba ta kai inda za a tsaya a bincika ba. Duk wanda ya taɓa yin ciniki da galan, abokin cinikinsa yana nufin lita, ya san yadda irin wannan ke faruwa.

Waɗannan asarori biyu suna cikin dalilan da suka sa aka bi da na'urar hangen nesa ta James Webb da taka-tsantsan. Madubinta ya kai mita 6.5, an haɗa shi da ɓangarori 18, kuma an tsara za ta zauna a nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi, kusan ninki huɗu na nisan wata, inda babu ɗan sama jannatin da zai je gyara. A shekarar 2017 aka shigar da ita wani tankin gwaji a birnin Huston, wanda aka gina tun zamanin shirin zuwa wata na Apollo, ta yi kimanin kwana 100 a ciki cikin sanyin da ya kai kusan digiri 230 ƙasa da sifili. Ana cikin haka guguwar Harvey ta afka wa birnin da ambaliya a watan Agusta, ma'aikata suka zauna a wurin suna sauya juna don kada gwajin ya katse. An kuma auna maduban da hanyoyi daban-daban waɗanda ba su dogara da juna ba, saboda tuna abin da ya sami Hubble. Injiniyoyi sun lissafa wurare 344 waɗanda in ɗaya ya ƙi aiki komai ya rushe. An harba ta ranar 25 ga Disamban 2021 daga Kuru da ke Giyana ta Faransa, ta buɗe kanta ba tare da ɗayansu ya ci amana ba, kuma a watan Yulin 2022 hotunanta na farko suka fito tangaran.

Masu suka suna da hujjarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Da farko an yi hasashen harba Webb tun 2007, ga shi sai 2021, kuɗinta kuma ya kai wajen dala biliyan 10. A 2011 har wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya nemi a soke aikin baki ɗaya. Wani zai ce da wannan kuɗi an ƙera ƙananan na'urori masu yawa, in ɗaya ta lalace sauran su yi aiki, kuma ga wasu ayyuka wannan magana gaskiya ce. Sai dai in aka duba inda jinkirin ƙarshe ya fito, sakacin ma'aikata ne ya haddasa shi. A 2018, bayan gwajin ƙara, an tsinci notuna da wasoshi sun zubo daga murfin labulen da ke kare na'urar daga rana, saboda ba a ɗaure su yadda ya kamata ba. An kuma gano an wanke wasu bawuloli da sinadarin da bai dace ba. Gwajin ne ya tona waɗannan. Da an tsallake shi don a yi sauri, da notunan sun zube ne a cikin roka, inda babu mai tsinto su. Laifin jinkiri yana kan wanda ya yi sakaci, mai binciken da ya kama shi kuwa godiya ta kamace shi.

To ina ruwan mai sayar da wake a Jibiya ko mai fataucin bisashe a Maigatari da wannan? Ruwansa yana saman kansa. A nisan kilomita kusan 36,000, daidai saman tekun Gini, akwai taurarin Meteosat na Turai da ke kallon Afirka dare da rana tun 1977. Sabon samfurinsu, wanda aka harba a watan Disamban 2022, yana ɗaukar hoton nahiyar duk bayan minti 10, yana kuma ɗauke da na'urar da ke ƙirga walƙiya. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1974, tana cikin masu amfani da bayanan irin waɗannan taurari wajen bin sawun damana, da yanayin shuka da makiyaya. Rahotannin da ke fitowa daga nan suna cikin abin da gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji ke dubawa kafin su ce wane yanki ne zai fuskanci ƙarancin cimaka, ko yaushe za a fito da hatsin ajiya a sayar da rahusa. Duk lokacin da aka ɗauki irin wannan mataki, kasuwa ce ke fara jinsa.

Ga kuma inda maganar ma'auni ta dawo gida. Tauraron ba ya ganin ɗigon ruwan da ya sauka a gonarka. Abin da yake aunawa shi ne sanyin saman gajimare, domin hadarin da ya yi tsawo sosai samansa ya fi sanyi, kuma shi ya fi zubar da ruwa. Daga nan masana ke lissafa milimita nawa ake zaton sun sauka. Wannan lissafi sai an daidaita shi da ma'aunin ruwan sama na ƙasa, wato wannan gwangwanin da ake kafawa a fili, wani ya riƙa karantawa kowace safiya yana rubutawa. In ma'aunan ƙasa sun yi ƙaranci, ko sun karkace, ko mai karantawa ya daina zuwa don ba a biya shi ɗan alawus ɗinsa ba, to na'urar da aka kashe miliyoyi aka gwada a Turai za ta riƙa ba da lambobin da babu mai tabbatar da su a yankinmu. Mun koma gidan jiya ke nan, ma'auni ɗaya tilo ba shi da mai duba shi.

Shi ya sa nake ganin ƙasashenmu suna fara lissafi daga inda bai dace ba in suka ɗauki mallakar tauraro a matsayin abin alfahari kawai. Nijeriya ta ɗanɗana ɓangarorin biyu. Tauraronta na sadarwa NigComSat-1, wanda aka ƙera a Sin aka harba a watan Mayun 2007 da niyyar ya yi shekara 15, ya mutu a watan Nuwamban 2008 saboda matsalar fukafukan da ke tara masa wutar rana, sai a Disamban 2011 aka harba madadinsa. A ɗaya gefen kuma, tauraron NigeriaSat-X da aka harba a Agustan 2011, injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a kamfanin Surrey na Ingila bayan sun sami horo a can. Wannan hanya ta biyu ita ce mai ɗorewa, domin ƙasar da ke da mutanen da suka san yadda ake gwada na'ura tana iya tsayawa a gaban mai sayarwa ta ce a sake auna mata a kan idonta. Wadda ba ta da su kuwa, biri za ta saya a sama.

Kiran da nake yi ga magabata bai fi ƙarfinsu ba. A yawaita ma'aunan ruwan sama a ƙauyuka, a gyara waɗanda suka lalace, a riƙa biyan masu karanta su kan lokaci. A tura matasa su koyi aikin awo da daidaita na'ura, ko da sunan aikin ba ya tashe kamar na ɗan sama jannati. A kuma riƙa isar da hasashen damana ga manoma da 'yan kasuwa da Hausa ta gidajen rediyo, tare da bayyana iyakar abin da hasashen zai iya faɗa. Su ma ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da bakin magana a nan, tun da su ne ke sa jarinsu a kan labarin damana. In sun zauna da hukumomi kan harajin tasha da matsalolin duwan, su ƙara da tambaya ɗaya: ma'aunan ruwa nawa ke aiki a gundumarmu, kuma yaushe rabon da a duba su?