RA'AYINMU: TABAR MANYA MA TABA CE

  

Duk wanda ya san ƙaramar hukumar Nassarawa a birnin Kano ya san cewa tsakanin lungunan Gama da faffaɗan titunan G.R.A. babu wata tafiya mai nisa. Mai Adaidaita Sahu zai sada mutum cikin 'yan mintuna. A Gama, mazaɓar nan da duk Nijeriya ta haddace sunanta a zaɓen gwamna na 2019, da maƙwabtanta irin su Birged da Gwagwarwa da Tudun Wada, masu wa'azi sun daɗe suna ɗaga murya a kan taba sigari da wiwi da sholisho da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana yi da shigowa da shi a 2018. Wannan aiki ne na alheri, Allah Ya saka musu. Sai dai akwai wani hayaƙi da ke tashi a ɗaya ɓangaren, a bayan dogayen katangu, a lambun gida ko a falon baƙi, wanda da wuya a ji an hau mumbari an kira sunansa. Muna nufin ƙatuwar tabar nan ta ganye zalla da ake naɗewa da hannu, wadda ake kira tabar Habana, abar da wasu masu hali da 'ya'yansu suka mayar alamar isa da wayewa.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ake magana a kansa, domin hukunci a kan abu reshe ne na sanin abin. Mafi shaharar wannan taba daga tsibirin Kyuba take fitowa, musamman yankin Buwelta Abaho a lardin Pinar del Riyo. A can ake tsinkar ganyen, a shanya shi a rumfuna, a jibge shi ya yi zafi ya ruɓa a hankali har ya canza launi da ƙamshi, sannan a adana shi watanni ko shekaru. Daga nan gwanin naɗi ya zauna a teburinsa da 'yar wuƙarsa, ya haɗa ganyen ciki, ya ɗaure da wani ganye, ya lulluɓe da ganye mafi laushi, babu takarda, babu audugar tacewa. Wanda ya saya kuma sai ya tanadar mata akwati na musamman na itace mai ƙamshi, mai riƙe danshi, don kada iskar hunturu ta busar da ita. Akwai almakashinta na yanke kai, akwai yadda ake kunna ta, kuma kara ɗaya yana iya ɗaukar sa'a guda ko fiye kafin ya ƙare. Masu sha suna zama su yi ta muhawara a kan ɗanɗanon Cohiba da na Montecristo kamar yadda mutanen Kurmi ke bambance goron daushe da sabon goro.

Ba mu musun cewa akwai gwaninta a wannan sana'a. Mai sassaƙa gunki ma yana da gwaninta, mai haɗa giya mai tsada ma haka. Gwanintar ma'aikaci ba ta taɓa zama hujjar halatta abin da ya ƙera ba.

Babbar shubuhar da masu shan wannan taba ke riƙe da ita ita ce wai su ba sa zuƙar hayaƙin zuwa huhu, a baki kawai suke juya shi su fesar, kuma wai ganye ne tsantsa, babu haɗin masana'anta. Likitoci sun gama da wannan magana tuntuni. Hayaƙin irin wannan taba ya sha bamban da na sigari ta yadda sinadarin nikotin da ke cikinsa yake ratsa fatar baki kai-tsaye ya shiga jini, ko an zuƙa ko ba a zuƙa ba. Babban kara guda kuma yana iya ƙunsar tabar da ta kai ta kwalin sigari sukutum. Ruɓar da ganyen da ake taƙama da ita, ita ce ke ƙara yawan wasu daga cikin sinadaran da ke haddasa ciwon daji. Cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasar Amurka ta fitar da rahoto na musamman a kan wannan taba a 1998, inda ta tabbatar da cewa tana jawo ciwon dajin baki da maƙogwaro da maƙoshi da hanyar abinci, da na huhu. Leɓe da harshe da dasashi ai jiki ne, kuma amana ne kamar yadda huhu yake amana. Ga kuma uwargida da yara da ɗan aiken da ke kawo shayi, waɗanda ke shaƙar abin da ba su kunna ba.

Su kansu mutanen da ake koyi da su a wannan harka, ina labarinsu ya ƙare? Janar Giranti, tsohon shugaban Amurka, wanda ba ya rabuwa da ita, ciwon dajin maƙogwaro ne ya zama ajalinsa a 1885. Sigmund Furoid, masanin halayyar ɗan Adam da 'yan boko ke ji da shi, ya kamu da ciwon dajin muƙamuƙi a 1923, aka yi masa aiki fiye da sau 30, bai iya bari ba har ya mutu a 1939. Fidel Kastiro kuwa, wanda dominsa aka fara naɗa Cohiba a 1966, wanda kuma ƙasarsa ke cin kuɗin wannan ganye, ya daina sha a 1985 saboda lafiya. Mai gonar ya tofar, ɗan Kano kuma yana biyan dala yana ɗauka!

Wannan sha'awa ba daga sama ta faɗo ba. A shekarun 1990 'yan jari-hujja suka farfaɗo da kasuwarta a Amurka da Turai, har aka kafa mata mujalla ta musamman a 1992, ana buga hotunan 'yan fim da 'yan wasa da attajirai kowa da nasa kara a baki, don a cusa wa mutane cewa wanda ya ci nasara a rayuwa haka yake zama. Daga can ta biyo ɗakunan jira na manyan filayen jiragen sama da kantunan Landan da Dubai, ta shigo jakar tsaraba. Dabara ce tsohuwa. Kakanninmu sun san taba gari da ake haɗawa da kanwa, sun san lofe, mata sun san fure da goro, amma mutumin kirki yana jin nauyin a gan shi da ita a gaban manya. Da kamfanin taba ya kafa masana'anta a Zariya a ƙarshen shekarun 1950, sai aka yi ta nuna wa samari cewa sigari ita ce wayewa. Yanzu da sigari ta zama ta 'yan tasha da 'yan ga-ruwa, sai aka kawo wa manya wadda talaka ba zai iya saye ba, don su ci gaba da jin sun fi shi.

Mu zo kan hukunci. Masu son kare kansu sukan ce ai malamai sun yi saɓani a kan taba. Gaskiya ne an yi saɓani, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Lokacin da taba ta shigo ƙasashen Musulmi a ƙarshen ƙarni na 16 da farkon na 17, Shaihu Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi fatawar halaccinta, haka ma Shaihu Aliyu al-Ajhuri na Masar, alhali Shaihu Ibrahim al-Laƙƙani, wanda shi ma Bamalike ne a Masar, ya rubuta littafi yana yi wa 'yan'uwa nasiha da su guje ta. Amma a kan me waɗanda suka halatta suka dogara? Sun dogara ne a kan cewa asalin abubuwa halal ne, kuma a zamaninsu ba a tabbatar da cewa tana gusar da hankali ko tana cutar da jiki ba. Sun rataya hukuncinsu a kan rashin cutarwa. To, tun daga binciken likitocin Ingila na 1950 da rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 1964, cutarwar ta fito fili kamar rana, har Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Idan dalili ya gushe, hukuncin da aka gina a kansa ya gushe. Wanda ya ɗauko fatawar Ahmad Baba a yau don ya kunna tabar Habana, ya zalunci Ahmad Baba, Allah Ya yi masa rahama.

Saboda haka ne manyan malaman wannan zamani, irin su Shaihu Abdul'aziz bin Baz da Shaihu Muhammad bin Salih al-Usaimin, Allah Ya ji ƙansu, suka tafi a kan haramcinta: shanta da sayar da ita da taimakawa a kanta. Sun kafa hujja da aya ta 157 a Suratul A'arafi, wadda ta siffanta Manzon Allah (S.A.W.) da halatta daɗaɗa da haramta munana, da aya ta 195 a Suratul Baƙara da ta 29 a Suratun Nisa'i, waɗanda suka hana mutum jefa kansa cikin halaka, da kuma hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Kuma wannan mas'ala ce da ko waɗanda muke da saɓani da su a wasu al'amura ba su saɓa mana a kanta ba, domin sanannen abu ne cewa ɗariƙar Tijjaniyya ta hana mabiyanta taba. Babu inda aka ce hukuncin ya tsaya a kan mai araha. Alkama bisa dutse, in ji Bahaushe, Allah ke ba ta ruwa. Guba kuwa ko a kwanon zinariya aka zuba ta, ba ta canza suna.

Hasali ma tsadar ƙarin laifi ce. Kara ɗaya na manyan samfurori yana iya haura dala 70, a lokacin da dala ɗaya ta wuce naira dubu, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 kuma naira 70,000 ne. Ma'ana, abin da mai gadin ƙofa zai yi wata guda yana kwana a waje kafin ya samu, idan ma an biya shi hakan, maigida zai iya ƙone shi tsakanin magariba da isha'i. Wannan mai gadi kuwa, sau da yawa daga Gama ko Birged yake takowa, inda ake layin ruwa da jarka, inda ake koro yara daga Islamiyya saboda kuɗin wata, inda mace ke naƙuda a gida don babu kuɗin asibiti. Allah (S.W.T.) Ya danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu a aya ta 27 ta Suratul Isra'i, kuma ya tabbata a hadisi cewa za a tambayi bawa ranar alƙiyama a kan dukiyarsa, ta ina ya samo ta, kuma a ina ya kashe ta. Da a ce wani ya tsaya a bakin titin Ahmadu Bello ya fito da bandir na naira dubu-dubu ya cinna masa ashana, da jama'a sun ce a kai shi Dawanau. Mene ne bambancin, in ban da cewa wannan ya fara naɗe kuɗin a ganye?

Abin da ya fi damunmu a wannan al'amari shi ne harshen masu wa'azi. Ana samun mai wa'azin da zai tsaya a filin unguwa ya yi kaca-kaca da yaron da aka kama da guntun sigari, ya kira shi ɗan iska, ya ce kada a ba shi aure, amma idan aka gayyace shi buɗe-baki a G.R.A. ya ga akwatin taba a kan tebur, sai ya kawar da kai, saboda mai gidan shi ya yi wa masallaci rufi, shi ya ba da motar da'awa. Samarin Gama ba makafi ba ne. Su ne direbobi, su ne masu gadi, su ne masu share tokar da safe. Ranar da suka fahimci cewa haram tana da unguwa, ranar ce za su daina sauraron mai wa'azi a kan taba da abin da ya fi taba. Manzon Allah (S.A.W.) ya faɗa mana cewa abin da ya halaka al'ummomin da suka gabata shi ne ƙyale babba idan ya yi laifi da tsayar da hukunci a kan mai rauni, kuma ya faɗi haka ne a kan wata mata 'yar babban gida daga Banu Makhzum. Da'awar da ta tashi don kawar da bidi'a ba tare da tsoron sarki ko malami ba, abin kunya ne a ce akwatin ganye ya rufe mata baki.

Ba muna cewa a tozarta kowa a bainar jama'a ba, kuma ba muna cewa a mayar wa mai taimako da taimakonsa ba. Sadakarsa tana nan, Allah Ya karɓa. Nasiha ga babba a keɓe ake yin ta, da ladabi da tausasawa, amma dole a yi ta, kuma limamin da ya fi kusa da shi, wanda ya fi cin tuwon gidansa, shi ya fi cancanta ya yi. A huɗuba kuwa, idan an zo lissafa abubuwan da ke lalata al'umma, a ambaci tabar Habana da shisha tare da wiwi, ba tare da kama sunan kowa ba.

Hukuma ma tana da nata. Tun 1990 aka yi dokar soja da ta hana shan taba a wasu wuraren taruwar jama'a; a 2007 gwamnatin jihar Kano ta kai manyan kamfanonin taba kotu; a 2015 kuma aka sa hannu a dokar ƙasa da ta hana tallar taba, da sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, da sayar da sigari kara-kara. Kowa ya san yadda ake sayar da ita a teburan bakin hanya. Muna kira ga 'yan'uwanmu masu tireda da shaguna a Gama da kewaye da su sauke taba daga kantocinsu tun kafin wani jami'i ya tambaye su, ko da cinikin ashana da alewa zai ragu.

Ga ɗan'uwan da ke da akwati a gida kuma, wanda zuciyarsa ta motsa, ga amsar tambayar da muka san zai yi: ba ya halatta ya sayar da abin da ya rage don ya mayar da kuɗinsa, kuma ba ya halatta ya yi kyauta da shi ga aboki ko direba. Ya lalata shi. Akwatin itacen kuwa babu laifi a kansa, ya wanke ya zuba dabino. Idan jikinsa ya riga ya saba har barin yana yi masa wuya, ya nemi likita, domin akwai magungunan da ke taimakawa, kuma watan Ramadan dama ce ga mai niyya. Idan kuma ya yi shekaru yana sha, ya kai bakinsa da maƙogwaronsa a duba, musamman idan akwai gyambon da ya ƙi warkewa ko dusashewar muryar da ta wuce mako biyu zuwa uku.