Awon Talla A Facebook: Mudu A Hannun Wa Ya Ke?

A zamanin nan da wuya a sami babban kamfani wanda ba shi da shafi a Facebook ko Instagram ko X, watau wanda a ke kira Twitter kafin 2023. Kowanensu yana da ma'aikata masu duba lissafi kullum da safe: mutum nawa suka ga tallan jiya, nawa suka taɓa alamar so, nawa kuma suka bi tallan har suka shiga kantin kamfanin na intanet. Da lissafin nan a ke yanke inda za a zuba kuɗin talla, da shi kuma a ke ƙara wa ma'aikaci girma ko a sallame shi. To, ashe ya kamata mu tambaya wanda ke yin awon.

Mafi yawan lissafin daga hannun masu dandalin ya ke fitowa. Akwai kamfanoni irin su Hootsuite da Sprout Social masu tattara shi su jera shi yadda zai yi sauƙin karantawa, amma tushensa abin da dandalin ya ba su ne. Watau mai sayar da hatsi shi ke riƙe da mudu.

An ga illar haka a watan Satumba na 2016, sa'ad da jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta fallasa cewa wajen shekara biyu Facebook yana kuskure cikin lissafin lokacin da mutane kan yi suna kallon bidiyo. Malaman lissafi za su gane kuskuren nan da nan. A ce mutum 10 suka ga talla, 8 suka wuce bayan daƙiƙa 2, sauran 2 kowa ya tsaya daƙiƙa 22. Jimla daƙiƙa 60 ke nan, in an raba da 10 kowa ya sami 6. Amma Facebook ba ya ƙirga wanda bai kai daƙiƙa 3 ba a wajen rabon, don haka sai a raba 60 da 2, a sami 30. Kamfanin ya amsa kuskuren, ya ce bai shafi kuɗin da ya karɓa ba. Masu talla ba su yarda ba, suka kai ƙara kotu a Kalifoniya, suka ce lissafin ne ya ruɗe su suka ƙara saye. A 2019 Facebook ya yarda ya biya dala miliyan 40 a kashe maganar, ba tare da ya amsa laifi ba.

Yawan mabiya ma ba abin dogara ba ne. A Janairu 2018 jaridar New York Times ta tona asirin wani kamfani mai suna Devumi, wanda ke sayar wa mutane mabiya na ƙarya. A Yuli na shekarar Twitter ya share miliyoyin sunaye daga lissafin mabiya, har Barack Obama ya rasa fiye da miliyan 2. Mai talla da ya biya kuɗi domin irin waɗannan mabiya, taron tsintsiya ya saya, ba shara.

Abin da ya fi ba mu darasi shi ne matakin Procter & Gamble, masu yin Ariel da Pampers. A Janairu 2017 shugaban tallansu, Marc Pritchard, ya ce ba za su ƙara yarda da awon da mai dandali ya yi wa kansa ba, sai wani na dabam ya bincika. A wata mai bi masa Facebook ya yarda hukumar Media Rating Council ta duba lissafinsa. A shekarar nan kamfanin ya rage fiye da dala miliyan 200 daga tallansa na intanet, sa'an nan ya ba da labari cewa mutanen da tallansa ya kai gare su ƙaruwa suka yi da wajen kashi 10 cikin 100. Ashe wani ɓangare na kuɗin asara a ke yi da shi, lissafi kuwa yana nuna riba.

Ba mu ce a yar da awon nan ba, don mai talla a jarida ko rediyo bai taɓa samun irinsa ba. Amma a ganinmu akwai sharaɗi uku. Na farko, a tambayi ma'anar kowace kalma, a san ko "kallo" daƙiƙa 3 ne ko kuwa kallo har ƙarshe. Na biyu, a nemi shaidar wanda ba shi da riba cikin cinikin. Na uku, a gwama lissafin dandali da littafin ciniki na kanti, gama kowane akawu ya san rasit ba ya zama daidai sai ya dace da kuɗin da ke cikin akwati. In alamar so ta yi ta hawa, kaya kuwa suna nan jibge, to, littafin kanti za a gaskata.