Yawan Masu Nuni Ba Shi Ne Gaskiya Ba

A zamanin nan da zarar gardama ta tashi a taron matasa ko a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, sai wani ya zaro waya ya ce, "Na duba a Google." Nan take kowa ya yi shiru kamar alƙali ya yanke hukunci. To, ya kamata mu san yadda wannan alƙali yake zaɓen abin da zai ɗora a sama.

Shafukan yanar gizo suna da mahaɗai, wato wuraren da mutum zai latsa ya tsallaka zuwa wani shafi. A shekarar 1998 ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford ta Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka bayyana yadda injin bincikensu yake aiki da wata dabara mai suna PageRank. Dabarar tana ƙirga kowane mahaɗi a matsayin ƙuri'a. Shafin da shafuka da yawa suke nunawa yakan hau sama, kuma ƙuri'ar shafin da ya yi suna ta fi ta ƙaramin shafi nauyi. Yau Google yana duba wasu abubuwa masu yawa ban da wannan, amma daga nan aka faro.

Mun yaba wa masu wannan hikima, gama ta sauƙaƙa wa ɗalibi da fasto neman ilimi. Amma mu lura: na'urar tana auna wanda aka fi nunawa ne, ba ta auna wanda ya faɗi gaskiya. Ba a daɗe ba 'yan damfara suka gane haka, suka shiga ƙirƙiro shafukan banza suna nuna junansu don hajarsu ta hau sama. Mu da muka san yadda taron jama'a ya zaɓi Barabbas a gaban Bilatus, ba ma bukatar a koya mana cewa rinjaye yana iya kuskure.

Akwai darasi na biyu. A shekarar 2000 masana daga AltaVista, IBM da Compaq suka yi nazarin shafuka fiye da miliyan 200. Suka tarar cewa kimanin miliyan 56 ne kawai suke cibiyar da hanya take shiga take kuma fita, yayin da kusan miliyan 17 suke ware kamar tsibirai. Shafin da ba wanda yake nunawa daidai yake da ƙauyen da ba hanyar mota: akwai mutane, amma baƙo ba ya zuwa. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma tarihin ikilisiyoyinmu da wa'azin dattawanmu nawa ne suke kwance cikin akwati, gara tana ci?

Saboda haka muna kira ga shugabannin ikilisiya, makarantun tauhidi da zumuntar mata: a rubuta da Hausa, a sa a intanet, kowace ikilisiya kuma ta nuna shafin 'yar'uwarta, ko da ɗarikarsu ba ɗaya ba ce. Iyaye kuma su koya wa yara tambaya: wa ya rubuta wannan, me yake nema? Mutanen Biriya ma sai da suka bincika Nassi kafin su amince da wa'azin Manzo Bulus, balle amsar na'ura.

Ubangiji ya ba mu hikimar rarrabe tsaba da tsakuwa. Amin.