Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Jama'a, akwai wata irin murna da ta shigo makarantar nan wadda ni dai na kasa gane kanta. Duk lokacin da wani kamfanin gem na Amurka ko na Japan ya yi shelar ranar da zai fito da sabon wasa, sai ka ji ɗakunan kwanan ɗalibai sun ɗauki zafi, kai ka ce an yi sanarwar biyan kuɗin sukolashif. A kafteriya maganar ke nan, a bakin ɗakin lacca ita ce. Tun da kamfanin Rockstar ya nuna tallar farko ta Grand Theft Auto VI a watan Disamba na 2023, ake ta lissafin kwanaki. Da farko suka ce a 2025 zai fito. Daga baya suka mayar da shi 26 ga Mayu, 2026. A watan Nuwamba na 2025 kuma suka sake ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamba, 2026. Kowace ɗagawa sai na ga 'yan'uwana sun yi jugum kamar waɗanda aka yi wa rasuwa. To ni tambayata ga waɗannan masu zaman makoki ita ce, shin wa ya gaya muku da ku aka sa ranar?

Su masu kamfanonin suna da wata magana mai daɗin ji, wai "fitowa rana ɗaya a duk duniya". Sai mu tambaya, wace duniyar? Kamfanin Sony, mai na'urar PlayStation, yana da kantinsa na intanet inda ake buɗe asusu, a sayi wasa, a kuma yi wasa da mutanen nesa. Ƙasashen da ya amince mutanensu su buɗe wannan asusu ba su wuce wajen 70 ba. A duk faɗin nahiyar Afirka, ƙasa ɗaya tal ta samu shiga, ita ce Afirka ta Kudu. Tsibirin Malta, wanda mutanensa ba su fi rabin miliyan da ɗoriya ba, yana ciki. Ƙasar Aisland, wadda unguwanni kaɗan na birnin Kano za su shanye yawan jama'arta, tana ciki. Nijeriya mai mutane fiye da miliyan 200 ba ta ciki, Nijar ba ta ciki, Gana ba ta ciki, Kamaru ma haka. Ashe ke nan in sun ce duniya, akwai inda duniyarsu ta tsaya, kuma mu muna bayan katanga.

Wannan rabo ba yau aka fara shi ba. Tun zamanin na'urar Nintendo ta farko, a shekarun 1980, aka sa wa na'ura wani ɗan makulli a cikinta don kada kaset ɗin wani yanki ya yi aiki a na wani yankin. Suka yanka duniya gida uku, Japan da Amurka da Turai, kamar yadda kakanninsu suka zauna a Balin a 1884 suka yanka Afirka ba tare da ko mutum ɗaya daga cikinmu a wurin ba. Wasan Super Mario Bros. 3 ya fito a Japan a 1988, ya isa Amurka a 1990, bai isa Turai ba sai 1991. Mu kuwa da yake talabijin ɗinmu irin na Ingila ne, sai aka jingina mu da Turai, mu jira su ci su rage, sannan 'yan gwanjo su kwaso mana. A yau za a ce mana ai wancan makulli ya kau, domin tun PlayStation 3 a 2006 faifan kowace ƙasa yana aiki a kowace na'ura, Nintendo ma ya bi sahu da na'urar Switch a 2017. Gaskiya ne. Amma makullin bai mutu ba, ƙaura ya yi. Da yana cikin na'ura, yanzu yana cikin asusu.

Ga yadda abin yake tafiya, ga wanda bai sani ba, musamman malamanmu. Ɗalibi ya tara kuɗi ya sayi na'ura a kasuwa. Ya kunna, na'ura ta ce ya zaɓi ƙasarsa. Ya duba daga sama har ƙasa babu Nijeriya. Sai ya zaɓi Amurka ko Ingila, ya nemo adireshin wani gida da bai taɓa gani ba ya rubuta. Masu wayo ma sukan zaɓi jihar Delawiya ko Oregon ta Amurka, don an gaya musu can ba a ɗora harajin saye. Katin bankinsa ba zai shiga kantin ba, sai ya je wurin dillali ya sayi katin kuɗi na waccan ƙasa, dillali ya ɗora ribarsa a kan dalar da ita ma ta riga ta yi tashin gwauron zabi. In ya yi kuskure ya sayi faifan Turai alhali asusunsa na Amurka ne, ƙarin wasan da zai saya daga baya ba lalle ya hau faifan ba, kuɗi sun tafi. Ƙasar da ya zaɓa kuma ba ta canzuwa har abada. Bayan duk wannan wahala, sharuɗɗan da ya danna ya ce ya amince da su sun ce wajibi ne bayanin da ya bayar ya zama na gaskiya. Watau tun ranar farko mai laifi ne shi, kuma duk abin da ya tara a asusun nan yana hannun mutanen da ba su yarda yana raye ba.

Abin da ya fi ci mini rai a nan shi ne, kowace naira da yaron nan ya kashe, a littafin kamfani an rubuta cewa Ba'amurke ne ya kashe ta. Ƙarshen shekara manyan kamfani su zauna su duba lissafi, su ga Amurka ta yi ciniki, Ingila ta yi ciniki, Afirka ta Yamma babu ko sisi. Sai su ce to kun gani, ai babu kasuwa a can, don me za mu buɗe musu? Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Mu muka biya, wani aka yi wa godiya, sannan aka kafa hujja da shirun da aka tilasta mana a ci gaba da rufe mana ƙofa.

Wanda yake ganin na cika baki, to ya tuna abin da ya faru a watan Mayu na 2024. Wasan Helldivers 2, wanda wani kamfanin Suwidin ya ƙera, Sony ya fitar a watan Fabrairu na shekarar, ya yi kasuwa ƙwarai. Bayan wata uku sai Sony ya ce duk mai buga shi a kwamfuta dole ya haɗa da asusun PlayStation. To ina wanda ƙasarsa ba ta da asusun, kuma ya riga ya biya kuɗinsa? Nan da nan aka janye wasan daga kantin Steam a ƙasashe da yankuna 177. Dubi wannan adadi da kyau, ɗari da saba'in da bakwai. Masu wasa a Turai da Amurka suka yi ca, suka cika kantin da sukar da ta haura 100,000, kafin mako ya zagayo Sony ya janye maganar tilasta asusu. Amma su waɗancan ƙasashe sai da aka shafe fiye da shekara, sai a 2025, kafin aka sassauta musu. Kukan 'yan mowa an share shi cikin kwana uku, na 'yan bora kuwa sai da aka ga dama.

Sai maganar kuɗi. Farashin sabon babban wasa ya zama dala 70 tun fitowar PlayStation 5 a 2020, Nintendo ma ya sa wa Mario Kart World dala 80 a 2025. A 2024 dala ta haura naira 1,500, kuma a shekarar ne aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Mai karatu ya buga lissafin da kansa: wasa ɗaya ya fi albashin wata na lebura. Kada wani ya ce mini kamfani ba ya iya rage farashi saboda wata ƙasa. Da Nintendo ya fito da Switch 2 ranar 5 ga Yuni, 2025, ya ga kuɗin ƙasarsa sun faɗi, sai ya yi na'ura iri biyu a Japan. Wadda take jin Japananci kaɗai, ta 'yan gida, yen 49,980. Mai harsuna da yawa kuwa yen 69,980. Ni ban ga laifinsu ba, sun san ciwon kansu ne, sun tausaya wa aljihun mutanensu, har sun mai da harshensu katanga. Abin lura dai shi ne dabarar tana nan, mu ne ba mu kai a yi mana ita ba.

Kuma ɗan abin da ya rage mana ma ana shirin ƙwacewa. Faifai shi ne gatan talaka, domin ana sayen na hannu, ana aro, ana musaya, mutum biyar su yi karo-karo su saya. To PlayStation 5 Pro, wadda ta fito a 2024 a kan dala 700, ba ta zo da wurin sa faifai ba, sai ka saya daban. Wasu wasannin Switch 2 kuma kati ake sayar maka wanda babu wasan a cikinsa, mabuɗi ne kawai, sai ka sauke wasan daga intanet. Wasa ɗaya yakan haura gigabayit 100, a ƙasar da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a watan Janairu na 2025, wuta kuma sai an ga dama.

Na san abin da masu kare kamfanoni za su ce, ai ku ɓarayin fasaha ne, kun saba da faifan jabu. Ba na musun cewa an sha sa wa PlayStation 2 ɗan guntun nan mai karya makulli a kasuwanninmu. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Folan ma haka kasuwa take cike da jabu a shekarun 1990, sai wasu samari biyu masu kamfanin CD Projekt suka fassara wasan Baldur's Gate zuwa harshensu a 1999, suka ɗauko fitattun 'yan wasan kwaikwayo na ƙasar suka yi muryoyin, mutane kuwa suka bar jabu suka sayi na gaske. Wannan kamfani shi ne ya zo ya ƙera The Witcher a 2007. A Barazil kamfanin Tectoy ya karɓi izinin Sega tun 1989 yana haɗa na'ura a gida, yana fassara wasanni, har ya cire jarumin wani wasa ya sa Monika, yarinyar zanen barkwancin da yaran ƙasar suka sani. Waɗannan mutane ba su zauna suna lissafin ranar da wani zai tuna da su ba.

A nan ne maganar ta dawo gidanmu, Sashen Hausa, kuma malamaina za su yi mini haƙuri. In ka ɗauko zancen gem a wurin wasunsu sai su yi murmushi su ce wasan yara ne. To langa fa, da dara, da carafke, da tashe, ba wasa ba ne? Ai kundaye nawa aka rubuta a kansu, kuma ya dace a rubuta. Haka aka yi wa littattafan soyayya kallon hadarin kaji a shekarun 1990, aka kira su adabin kasuwar Kano, yau ga shi da su ake samun digiri na uku. Babu unguwar da za ka shiga a Kano ko Zariya ko Sakkwato ka rasa gidan gem, yara sun yi layi a kan benci suna biyan kuɗi su buga ƙwallo. Mai sharhin ƙwallon yana magana da Turanci ko Faransanci, tun FIFA 12 ma yana yi da Larabci, amma ba ya yi da harshen da BBC take watsa shiri da shi tun 1957. Ba za ka ga Kano Pillars a ciki ba, alhali a baya an shafe shekaru ana sa Kaizer Chiefs da Orlando Pirates. Yaro ya tashi ya san sunan kowane ɗan benci na Chelsea, kuma ya koyi cewa harshensa na cefane ne da gaisuwa, in an zo abin zamani sai a ajiye shi a bakin ƙofa kamar takalmi.

Ba kuwa don abin ya gagara ba ne. A Kamaru kamfanin Kiro'o ya fito da Aurion a 2016. A 2024 Abubakar Salim, ɗan wasan Ingila mai asali da Kenya, ya fito da Tales of Kenzera: Zau, kuma ana iya buga shi da muryoyin Suwahili. Mu da muke da masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa har a manta Indiyawa ne ke magana, mu da muke da dambe wanda yake da zagaye da kirari da kiɗa da ƙa'idar kisa tun kafin a haifi masu ƙera wasannin faɗa, mene ne namu a kan faifai? Ko sunan abin ma ba mu tsayar ba. Wani ya ce gem, wani ya ce wasan bidiyo, wani ya ce wasan kwamfuta, ita na'urar kuwa kowa da sunan kamfani yake kiranta.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su sa wannan magana a taro na gaba. A raba ɗalibai unguwa-unguwa su ƙidaya gidajen gem da ke kewaye da jami'a, na'ura nawa ce a kowane gida, nawa ake biya, wace ƙasa aka rubuta a asusun. A tattara kalmomin da yaran suke amfani da su a kan bencin nan, domin na tabbata sun riga mu ƙirƙira. Abin da aka samu a buga shi a mujallar nan, a kuma aika wa ofisoshin kamfanonin da wasiƙa mai ɗauke da sa hannunmu, da adireshinmu na gaskiya.