Akwati Ɗaya Ya Ishi Unguwa: Shawara Kan Wayar Intanet a Gida

 Maganar da nake so mu duba a wannan fitowa ita ce ta kuɗin da muke zubawa a waya. Kowane mai gida ya san abin da ya kashe a taki bana, ya san kuɗin iri da na huɗa. Amma ku tambaye shi nawa gidansa ya kashe a katin waya daga shuka zuwa girbi, sai ya yi shiru. Kuɗin yana fita ne da kaɗan-kaɗan, ɗari biyu yau, ɗari biyar jibi, kamar ɓera yana jan hatsi daga rumbu.

Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da kowace jam'iyyar gama kai ta ekklesiya za ta sayi akwatin intanet guda ɗaya, ta ajiye shi a gidan ɗaya daga cikin membobi, gidajen da ke kewaye su riƙa kiran 'yan'uwansu na nesa ta kansa. Kada kowa ya sayi nasa shi kaɗai.

Dattawanmu suna tune da zamanin da saƙo yake tafiya a hannun direban mota, ko wasiƙa ta gidan waya wadda ɗan makaranta zai karanta wa tsohuwa. Kafin 2001 layukan tarho na NITEL a ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba, yawancinsu kuwa a ofisoshi ne da gidajen manya. A watan Agusta 2001 aka fara wayar hannu ta GSM. A lokacin ana sayen layi kaɗai a kan naira 20,000 ko fiye, kira kuma naira 50 ne a minti, ko da sallama kaɗai ka yi ka kashe. Sai a 2003 da Glo ya shigo aka fara lissafi da daƙiƙa. Daga nan farashi ya yi ta sauka har talaka ya samu. To, a watan Janairu 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, watau NCC, ta yarda kamfanoni su ƙara kashi 50 cikin ɗari. Jaridu suka lissafa cewa kira ya tashi daga kimanin naira 11 zuwa 16.50 a minti, saƙon rubutu kuma daga naira 4 zuwa 6. Wannan ya zo ne a kan tsadar man fetur da ta biyo bayan cire tallafi a watan Mayu 2023, wadda ta sa zuwa Kano domin gaisuwa kaɗai ya zama abin da sai an yi shawara.

Ga yadda wayar intanet take aiki. A kira na kullum, kamfani yana ƙirga maka minti. A kiran intanet kuwa, wayar tana daddatsa muryarka ƙanana-ƙanana ta aika ta hanyar data, wayar wancan ta sake haɗa ta. Abin da kake biya shi ne nauyin datar, nisa ba ya shiga lissafi. Wanda ke Gwiwa ya kira Roni, ko Legas, ko Damagaram, ko Ingila, duk kuɗi ɗaya ne. WhatsApp ya fara irin wannan kira a 2015, shi ne kuma wanda yaranmu suka fi sani. Magana ta minti ɗaya ba ta cin megabait ɗaya, gigabait ɗaya kuwa megabait dubu ne da 'yan kai.

Sai mu yi lissafi irin na magatakarda. A ce gida goma ne, kowane gida yana magana minti 30 a rana. Minti 300 ke nan a rana, 9,000 a wata. A layi na kullum, a kan naira 16.50, kuɗin ya kama naira 148,500. Ta intanet kuwa bai kai gigabait 9 ba. Ko da a ce gigabait ɗaya naira 1,000 ne, naira 9,000 ta biya wa gida goma wata guda. Wani zai ce, ai ba wanda yake magana minti 30 a rana a layi na kullum. Gaskiya ne. Dalili ke nan da uwa take ce wa ɗanta da ke ci-rani a Abuja "to sai an jima, kati zai ƙare" tun ba ta ji ko yana cin abinci ba, balle ta tambaye shi ko ya sami majami'a a can.

Mutanen Ɓaɓura su ne za su fi kowa cin moriya, gama iyaka tana bayan gidansu. Akwai dangi da surukai da abokan ciniki a Magarya da Damagaram, kiran Nijar kuwa kiran ƙasar waje ne, ya fi na gida tsada nesa ba kusa ba. Sa'ad da aka rufe iyaka a watan Agusta 2023, har zuwa Maris 2024 da Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren, gidaje da yawa ba su da hanyar jin lafiyar juna sai ta waya.

Kayan da ake bukata ba su da yawa. Akwai akwatin kansa, wanda masu shago suke kira rauta. Ana sa masa layin waya, shi kuma ya rarraba intanet ga wayoyin da ke kusa ba tare da igiya ba, abin da ake ce wa waifai. Akwai ƙarami na aljihu mai batir a ciki, MiFi, wanda yake ɗaukar waya wajen goma. Babban yana ɗaukar fiye da haka, yana kuma jawo sabis da kyau. Wutar da yake ci ba ta fi ta ƙwan fitila ɗaya ba, saboda haka ƙaramin faifan sola da batir sun ishe shi dare da rana, har a yi cajin wayoyi. Kada a dogara ga wutar gwamnati. A watan Oktoba 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu domin lalacewar manyan layukan wuta, ƙauyuka da yawa kuwa ko turke ba a kai musu ba. Sai kuma waya irin ta shafawa, ko da tsohuwa ce, guda ɗaya a kowane gida. Ƙaramar waya mai maɓalli ba ta wannan aiki.

Amma kafin a fitar da ko kwabo daga asusu, tilas a gwada wurin. A nan ne jam'iyyu za su iya yin hasara. A samo matasa uku, ɗaya mai layin MTN, ɗaya Airtel, ɗaya Glo, su zagaya unguwa suna duba wayoyinsu. Inda alamar 4G ta fito ta zauna, wurin ya yi. Inda 3G ce, za a iya magana amma da haƙuri. Inda harafin E kaɗai yake fitowa, a bar maganar tukuna. A yi gwajin da safe, a sake yi bayan faɗuwar rana lokacin da kowa ya hau layi, domin sabis ɗin da ke gudu da hantsi yakan yi rarrafe da dare. A ƙasar Roni da Kazaure akwai duwatsu da tuddai, wani gidan yana samu sarai, na bayansa ba ya samu, domin dutse ya shiga tsakaninsa da ƙarfen sabis. Sau da yawa ɗaga akwatin sama, kusa da taga, ko kafa eriya a kan dogon ƙarfe, yakan gyara abin. Ku sani kuma katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna rage ƙarfin waifai. Bai cika wuce taku talatin ko arba'in ba. Watau ba a cikin ɗakinka za ka kwanta ka yi kira ba in gidanka yana da nisa, sai ka tako zuwa zauren da aka ajiye shi.

Wasu za su ce a sayi Starlink, mai jawo intanet daga tauraron ɗan'adam, wanda ya shigo Nijeriya a watan Janairu 2023. Lalle yana aiki inda babu ƙarfen sabis ko kaɗan. Amma kayansa dubban ɗaruruwan naira ne, kuɗin wata kuma a 2025 ya haura naira 50,000, ga cin wuta fiye da ƙaramin akwati sau da yawa. Wannan na asibiti ne ko makaranta, ko gundumar ekklesiya gaba ɗaya. Jam'iyyar gida goma kada ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfin jakinta.

Yanzu ga inda na san za a yi mini gardama. A wane gida za a ajiye shi? Da yawa za su ce a majami'a, ko a gidan pasto. Ni ban goyi bayan haka ba. Majami'a a kulle take yawancin mako. Gidan pasto kuwa ya riga ya cika da masu shawara da masu neman addu'a, in aka ƙara masa masu kira har tsakar dare, iyalinsa ba za su huta ba, ranar da data ta ƙare kuma shi za a zarga. Ban da haka, muna zaune ne tare da maƙwabtanmu Musulmi, rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. Matar maƙwabci da ke son jin muryar ɗanta za ta shiga gidan ƙawarta ba tare da nauyi ba, amma ba lalle ta shiga harabar majami'a ba. A bar ƙofa a buɗe gare su, su ba da nasu gudummawa kamar kowa. Ni da za a bi tawa, a ajiye shi a hannun wata dattijuwa ta Zumuntar Mata, ita ce za ta riƙe kalmar sirri. Mata ne suke riƙe adashi shekara da shekaru ba a ji kansu ba. Su ne kuma suka fi rasa waya, gama sau da yawa wayar gida tana aljihun mai gida, shi kuwa yana gona ko kasuwa. Mace mai riɗi ko zoɓo a gayaunarta ita ma tana da bukatar jin farashin Dawanau kafin mai awo ya zo ƙofar gida ya faɗa mata nasa.

Abin da zai kashe wannan shiri, in ba a yi hattara ba, shi ne kallo. Sa'a ɗaya ta kallon bidiyo tana iya cinye abin da zai isa magana ta sa'a goma. Yaro ɗaya da ya sami kalmar sirri zai iya share datar wata a kwana uku yana kallon ƙwallo, sa'an nan ranar da aka yi rashin lafiya a ga babu. Ba na cewa a kori matasa, su ne ma za su haɗa mana kayan, wasunsu sun yi karatun kwamfuta a Kazaure, inda gwamnatin Jigawa ta kafa makarantar wannan fanni tun zamanin Gwamna Saminu Turaki. Amma a kafa doka tun farko, a rubuta ta a littafin jam'iyya. A sake kalmar sirri kowane wata. A kashe saukar da hotuna da bidiyo na kai tsaye a kowace waya. A cikin WhatsApp akwai wurin da ake kunnawa domin kira ya rage cin data, a kunna shi. Kiran ganin fuska a bar shi sai ranar Lahadi bayan sujada, ko ranar suna da biki.

Sai maganar ɓarayi. Wanda duk ya kira ka ya ce ka karanto masa lambobi shida da aka turo wa wayarka, ɓarawo ne, ko da ya ce daga ofishin gunduma yake, ko daga masu rabon taki. Da waɗannan lambobi zai ƙwace WhatsApp ɗinka, ya shiga roƙon kuɗi da sunanka wurin dukan 'yan'uwa. Kowa ya sa wa nasa lambar tsaro ta biyu, matasa sun san yadda ake yi. Ma'aji kuma kada ya tura kuɗin jam'iyya domin saƙo ya zo da hoton shugaba a kai. Ya kira shugaban a layi na kullum, ko ya taka ya same shi. Haka nan saƙon murya da ke cewa an kai hari wuri kaza, ko an yi wa addini kaza abu kaza, kada a tura shi gaba sai an tabbatar. Mu da muke 'yan kaɗan a wannan yanki mun fi kowa sanin abin da jita-jita take iya jawowa.

Kada kuma kowa ya jefar da layinsa na dā. Kiran intanet sai in wancan ma yana da data da wayar shafawa. Dillalin shanu a Maigatari ran Alhamis, da mai motar da zai ɗauki mai naƙuda da dare, da malamin gona, yawancinsu a layi na kullum za ka same su. Lambar gaggawa ta 112 ma ba ta shiga ta WhatsApp. A riƙa barin ɗan kati a waya saboda irin wannan rana.

Abu ɗaya ya rage wanda magatakarda zai kula da shi. Tun daga Disamba 2020 gwamnati ta ce kowane layi sai an haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Layin da ke cikin akwatin zai zama da sunan mutum ɗaya ke nan. A rubuta a littafi, a gaban dattawa biyu, cewa akwati da sola da layi duk na jam'iyya ne, domin kada wata rana mai sunan ya ƙaura ko ya rasu magada su ce gādo ne.

Jam'iyyar da take shakka ba sai ta sayi kome ba a watan farko. Kowace wayar shafawa tana iya rarraba intanet ga wayoyin da ke kusa da ita. A ari tsohuwar waya guda, a sa mata data ta wata ɗaya daga asusu, a ajiye ta a gidan da aka zaɓa, magatakarda ya riƙa rubuta wanda ya yi kira da minti nawa. A kawo littafin taron da za a yi bayan girbin gero, lokacin da akwai ɗan abu a hannu, a karanta shi a gaban kowa kafin a yanka wa kowane gida abin da zai bayar.